Wa Ke Auna Masana'antunmu, Kuma da Wane Ma'auni?

   

Yau a shirinmu na faɗakarwa maganar masana'antu za mu yi. Kamfanin fata, kamfanin roba, injin casar shinkafa, gidan bulo, gidan ruwan leda. Duk cikinsu babu wanda doka ba ta hau kansa ba. Doka ta ce kada ya ɓata ruwan jama'a. Kada ya ɓata iskar da muke shaƙa. Kada ya cutar da wanda ke yi masa aiki. Ka tambayi kowane mai kamfani, zai ce maka yana bin doka. To, ta yaya za a gane mai gaskiya? Yaya ake auna bin doka? Tambayarmu ta yau ke nan. Ku gyara zama.

Bari mu fara da dokokin kansu, a gurguje.

A 1988 aka gano dubban ganguna na guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. Wannan abin ya farkar da Najeriya. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya ta farko. A 1992 aka yi dokar da ta ce kafin a kafa babbar masana'anta sai an yi nazarin illar da za ta yi wa muhalli. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, wadda aikinta shi ne tabbatar da ana bin ƙa'idojin muhalli. Ta ɓangaren ma'aikata kuma akwai Dokar Masana'antu ta 1987. Ita ta ba sifetocin Ma'aikatar Ƙwadago ikon shiga masana'anta su duba, ko da rana ko da dare. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: ko da rana, ko da dare. Sai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki ya sami diyya.

Kun ga ke nan dokoki muna da su. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen awo.

Mu shiga kashi na biyu: maganar takarda.

Idan sifeto ya shiga kamfani, abin da aka fara miƙa masa fayil ne. Takardar rajista, lasisi, rahoton binciken muhalli da ake so a riƙa sabuntawa duk bayan shekara 3. A bangon ofishin manaja kuma ga satifiket cikin gilashi. Wani an rubuta ISO 14001, wato shaidar cewa kamfani yana da tsarin kula da muhalli. Wani ISO 45001, shaidar tsarin kare lafiyar ma'aikata. Takardun nan suna da amfani, ban raina su ba. Kamfanin da ko rajista ba shi da ita, ai ba a ma san da zamansa ba, balle a duba shi. Amma takarda tana gaya maka abin da kamfani ya ce zai yi ne. Ba ta gaya maka abin da ya faru jiya da ƙarfe biyun dare.

Ku saurari abin da ya faru a Karachi, a ƙasar Pakistan. A watan Satumba na 2012 gobara ta tashi a wata masana'antar ɗinka tufafi mai suna Ali Enterprises. Mutum fiye da 250 suka rasu. Tagogi an kafe su da ƙarafa. Ƙofofin fita a garƙame. Mutane suna ganin wuta, ba hanyar tsira. Abin da ya fi ƙona rai, 'yan makonni kafin gobarar, wannan masana'anta ta karɓi satifiket na duniya da ke cewa tana kiyaye haƙƙi da lafiyar ma'aikata. Takarda ta ce lafiya lau, ƙofa kuwa a kulle take. Da mutum ɗaya ya je ya tura ƙofar nan da hannunsa, da ya san abin da fayil bai faɗa ba. Gani ya kori ji.

Saboda haka, masu sauraro, awo na gaskiya a wurin da abin yake faruwa ake yin sa. A bakin kwata. A gaban inji. A bakin ƙofa.

Yanzu mu zo kashi na uku, wanda a kansa zan ɗan daɗe: yadda ake auna ruwa. Mu je Kano.

Kano garin fata ne tun kaka da kakanni. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima. Kamfanonin zamani kuwa, na Challawa da Sharaɗa da Bompai, akasari da sinadarai suke yi. Ana sa farar ƙasa da wani sinadari mai wari a tuge gashi. Sannan a jeme fatar da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam, shi ya sa za ka ga fatar ta fito shuɗi-shuɗi. Aikin yana shan ruwa sosai, kuma ruwan nan dole ya fita. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara. Na Sharaɗa yana bin Salanta. Na Challawa yana gangarawa kogin Challawa. A bakin waɗannan ruwaye akwai masu lambu. Latas, kabeji, alayyafo, karas. Akwai makiyayi da ke shayar da shanunsa. Akwai yara masu wanka. Uwargida, latas ɗin da kika yanka jiya, wane ruwa ya sha? Kin ga maganar ta shigo har madafinki.

Doka ba ta hana kamfani fitar da ruwa ba. Cewa ta yi a tace shi tukuna, har ya sauko ƙasa da wani ƙayyadadden mizani. To yaya ake sanin ya sauko?

Jami'i zai tsaya a daidai bututun da ruwa ke barin kamfani. Zai ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta, ya rubuta rana da lokaci da wuri, ya like, ya sa a cikin ƙanƙara, ya kai ɗakin gwaje-gwaje. Abu na farko da ake dubawa shi ne tsamin ruwan ko kaifinsa. Masana suna ce masa pH. Ma'auni ne daga 0 zuwa 14. Ruwan sha mai kyau yana wajen 7. In ya yi ƙasa sosai ya zama mai tsami irin na ruwan batir. In ya yi sama sosai ya zama mai cin hannu irin na soda. Abin da aka yarda kamfani ya saki shi ne tsakanin 6 da 9.

Abu na biyu, ana auna yawan ƙazantar da ke ruɓewa a cikin ruwan. Masana suna ce masa BOD. Ga yadda abin yake. Kifi ma numfashi yake yi, da iskar da ta narke a cikin ruwa. Idan aka zuba tarkacen nama da kitse da gashi a rafi, ƙwayoyin halitta za su taru su ci, kuma garin ci sai su shanye iskar nan. Sai ruwa ya yi baƙi, ya yi ɗoyi, kifi ya taso sama matacce. Don haka a ɗakin gwaji ana ajiye ruwan kwana 5, a ga yawan iskar da ya shanye. In ya sha da yawa, ƙazantar ta yi yawa.

Abu na uku, ƙarafa masu guba: kuromiyam, dalma da 'yan'uwansu. Waɗannan su ne abin tsoro, domin ba sa ruɓewa. Suna kwanciya a laka, su shiga ƙasar lambu, wasu su hau cikin ganye. Kuma ido ba ya ganinsu. Ruwa zai iya zama garau alhali da guba a ciki. Mutanen Zamfara sun san wannan darasi da hawaye. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. An yi ta zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka auna jinin yaran, aka auna ƙasar tsakar gida, sannan aka gane abin da ke kashe su. Ba a gane ba sai da aka auna.

To amma ga wata tambaya da ta fi duk waɗannan nauyi. Yaushe aka ɗebi ruwan?

Injin tace ruwa yana cin wuta, yana cin dizal, yana cin sinadari. Kashe shi riba ce ga wanda ba ya tsoron Allah. Idan an aiko wasiƙa cewa ranar Talata da ƙarfe goma jami'ai za su zo, to ranar Talata da ƙarfe goma inji zai yi ta ruri. An share harabar kamfani. An raba sababbin safar hannu da takalman roba. Ruwa ya fito fes. Jami'ai sun tafi, an karɓe safar hannu an mayar sito. Shi kuwa ainihin ruwan, an tara shi a rami, ana jiran dare, ko a jira ruwan sama ya sauko a sake shi ya bi ambaliya. Ba na ce kowane kamfani haka yake yi ba. Akwai masu tsoron Allah da ke kashe kuɗinsu suna tacewa, kuma su ne suka fi cutuwa idan awo ya zama wasa, domin maƙwabcinsu da ba ya tacewa zai karya musu farashi. Shi ya sa nake cewa ziyarar da aka sanar ba awo ba ce. Awo sai na ba-zata. Kun tuna abin da doka ta ce? Ko da rana, ko da dare. Kuma ba sau ɗaya ba. A ɗiba da safe, a ɗiba da dare, a ɗiba da rani, a ɗiba da damina. A ɗiba a saman kamfani kafin rafi ya iso shi, a ɗiba a ƙasansa bayan ya wuce. Bambancin da ke tsakanin kwalaben nan biyu, shi ne abin da kamfani ya zuba.

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake gane ko masana'anta tana bin dokar muhalli da ta lafiyar ma'aikata. Mun ce takarda ba ta isa ba. Mun ce a auna a wurin, kuma a auna ba tare da sanarwa ba. Yanzu kashi na huɗu: jikin ma'aikaci.

Wasu manyan kamfanoni suna kafa allo a bakin ƙofa, a rubuta kwana kaza ba a yi haɗari ba. Suna kuma da lissafin da suke yi: a cikin kowace awa miliyan 1 da aka yi ana aiki, mutum nawa ne suka ji raunin da ya hana su zuwa aiki? Lissafi ne mai kyau, domin yana ba da damar a gwada ƙaramin kamfani da babba. Doka ma ta ce duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci, ko ya kwantar da shi fiye da kwana 3, dole a kai rahotonsa. Amma lissafi yana ƙirga abin da aka rubuta ne kawai. Leburan da inji ya datse wa yatsa, aka ba shi ɗan kuɗin magani aka ce ya je gida, gobe aka ɗauki wani a bakin ƙofa, shi ba ya cikin littafi. Saboda haka idan na ga littafin haɗari fari fat shekara guda a wurin da ake aiki da wuƙaƙen inji, hankalina ba ya kwanciya. Kamfanin da ya rubuta har wanda ya zame bai faɗi ba, ya rubuta abin da aka gyara bayan nan, shi na fi yarda da shi.

Sannan ba haɗari ne ya fi kashe ma'aikata ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin aikinsu. Daga ciki, kusan miliyan 2.6 cuta ce ke kashe su. Cuta mai shiga a hankali. Ƙurar dutse da ke daskarar da huhun mai fasa dutse. Ƙurar ƙaiƙayi a injin casa. Tururin sinadari a wurin narka roba. Mutum zai bar aiki da ƙafarsa, bayan shekaru ya kwanta da tari, a ce ajali. Ajali gaskiya ne, amma sababi ma gaskiya ne, kuma shi ana iya auna shi. Akwai 'yar na'ura da ake maƙala wa ma'aikaci a wuyan riga, ta wuni tana zuƙar iskar da yake zuƙa, da yamma a auna ƙurar da ta tara. Akwai gwajin huhu, wanda mutum ke hura iska a bututu. Akwai gwajin ji. Kamata ya yi a yi su ranar da aka ɗauki mutum aiki, a riƙa maimaitawa, a ga ko jikinsa yana raguwa.

Ƙara ma ana auna ta. Ma'auninta desibel. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum yana wuni a cikinta awa 8 kullum, kunnensa zai fara mutuwa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ba ka da na'ura? Ga gwaji mai sauƙi. Tsaya nesa da abokin aikinka kamar tsawon hannu. Idan sai ka ɗaga murya sosai kafin ya ji ka, to ƙarar wurin ta kai mizanin haɗari. Mai injin markaɗe, da kai nake. Yaron da ke tsaye a gaban injin nan tun safe, a nema masa abin toshe kunne.

Ga wani gargaɗi na musamman ga masu shiga ramin ruwan kamfanin fata ko masai don yashewa. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke taruwa a ciki. In ta yi yawa tana kashe jin warin, sai mutum ya ɗauka ta tafi, alhali a lokacin ta fi kisa. Na farko ya faɗi, na biyu ya shiga ceto, shi ma ya faɗi. Kada kowa ya shiga sai an auna iskar ramin, an sa masa igiya, an tsayar da mutum a sama.

Kuma sifeton kirki yana jan ma'aikaci gefe, inda manaja ba ya ji, ya tambaye shi. A watan Yuni na 2020 'yan sanda suka fito da ma'aikata fiye da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Kano, waɗanda aka hana fita wata da watanni a lokacin kullen korona. Ba fayil ne ya tona wannan ba. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ne ya sami hanyar kai kuka waje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kashi na biyar: wa ke biyan mai awo?

Wanda ya saba sayen hatsi a Dawanau ya san ba a kallon tulin da ke kan mudu kawai. Ana juya mudun a duba gindinsa, ko an buge shi ya shige ciki. Haka awon masana'anta yake. A yawancin wurare kamfani ne ke zaɓar ƙwararren da zai bincike shi, kamfani ne ke biyansa, kuma kamfani ne zai yanke ko zai sake kiransa baɗi. To wane rahoto kuke jin zai rubuta?

An gwada wannan a jihar Gujarat ta ƙasar Indiya. Wasu masana, cikinsu har da Esther Duflo da Michael Greenstone, suka haɗa kai da hukumar muhalli ta jihar, suka fitar da sakamakonsu a 2013. Sun tarar masu binciken da kamfanoni ke biya suna yawan rubuta adadin da ya tsaya dab da ƙasan iyakar doka, alhali in aka sake aunawa sai a ga ya zarce. Sai aka canza tsari ga rabin kamfanonin. Aka daina barin kamfani ya zaɓi mai bincikensa, ƙuri'a ake jefawa. Kuɗin aikin daga asusu guda ake biya, ba daga hannun manaja ba. Sannan a bi bayan wasu daga cikin masu binciken a sake ɗibar ruwa, a gwada da abin da suka rubuta. Me ya faru? Rahotanni suka koma faɗin gaskiya. Kamfanonin kuma, musamman mafiya ƙazanta, da suka ga asiri zai tonu, suka rage abin da suke zubarwa. Ba a ƙara doka ko ɗaya ba. Tsarin binciken kawai aka canza. A ganina babu abin da zai hana a gwada irin wannan a Challawa, ko Kakuri ta Kaduna.

In an auna kuma, a faɗa wa jama'a. A 1995 ƙasar Indunusiya ta fara ba masana'antu maki da launi: zinariya, kore, shuɗi, ja, baƙi. Baƙi shi ne mafi muni. Ana sanar da sunaye a kafafen yaɗa labarai. Kamfanoni da dama suka gyara, don ba mai son a kira sunansa cikin baƙaƙe. Wannan ya dace da mu, domin tarar da ke cikin Dokar Masana'antu da kuɗin 1987 aka yanka ta, yau ba ta tsorata kowa. Amma ɗan kasuwa yana tsoron zubewar mutunci. Launi kuwa ko wanda bai yi boko ba ya san ja, ya san kore.

Kashi na ƙarshe naku ne, masu sauraro.

Idan kuna zaune kusa da masana'anta, ku sami littafi guda a hannun mai unguwa ko wani amintacce. Duk ranar da ruwan kwata ya canza launi, a rubuta rana da lokaci. Duk daren da wari ya hana barci, a rubuta. A ɗauki hoto da waya. Kada ku taɓa ruwan da hannu, kada ku tura yara ɗiba. Idan littafin ya yi wata biyu ko uku, ku ɗauke shi a ƙungiyance ku kai ofishin NESREA na jiharku ko Ma'aikatar Muhalli, ku nemi a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Jami'in da aka ce wa ruwan yana fitowa daren Alhamis bayan ƙarfe ɗaya, ya san lokacin da zai zo da kwalbarsa.

Ɗan'uwa ma'aikaci, gobe in ka shiga, ka tura ƙofar gaggawa ka ga ko tana buɗewa. Ka duba tukunyar kashe gobara, akwai ranar da aka rubuta a jikinta. Ka tambaya ko sunanka yana cikin waɗanda aka yi wa rajistar diyya. In ka ji rauni, komai ƙanƙantarsa, ka tabbata an rubuta, ka riƙe takardar asibiti. In an ƙi saurarenka, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya a jiharka, akwai ƙungiyarku.

Alhaji mai kamfani, kai ma kana iya riga sifeto. Ka sa a ɗebi ruwanka a ranar da manajanka bai sani ba, a kai ɗakin gwaji biyu daban, ka gwada sakamakon. Ka zaga da kanka cikin dare ka ga ko injin tacewa yana aiki, ka duba dizal nawa ya sha a wata. Injin da aka ce yana aiki kullum amma bai sha mai ba, ka san amsar.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba yadda ma'aikacin da ya ji rauni zai bi ya karɓi diyyarsa, da takardun da ake nema.